Ƙas-ƙas Ko Gwaf-gwaf: Yadda Ake Gano Ƙarar Injin Mota Da Gyara Ta

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A garejin makanikai kuwa ji ne ke yin gaba, gani ya biyo baya, domin inji rufaffen abu ne, kuma buɗe shi kuɗi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗaya daga cikin garejojin da ke kewayen Tashar Bama ko Tashar Baga a nan Maiduguri ya san yadda zancen ke farawa. Mai mota zai ce, "Oga, motar nan tana ƙara." Makanike ya ce, "Wace irin ƙara, Alhaji?" Daga nan sai ka ga dattijo da babbar riga ya tsuke baki yana kwaikwayon inji: ƙas-ƙas-ƙas, ko tas-tas-tas, ko gwaf-gwaf-gwaf. Sau da yawa mota takan yi tsit da zarar an iso gareji, kamar yaron da zazzaɓinsa ya sauka a ƙofar asibiti. Idan haka ta faru, wannan kwaikwayo shi ne shaidar farko da makanike zai yi aiki da ita.

Mu ɗaliban harshe mun san sunan waɗannan kalmomi a aji, wato amsa-kama. Mun kuma san cewa sukan saɓa wa sauran kalmomin Hausa ta fuskar ƙira, domin da yawansu da baƙi suke ƙarewa, alhali mafi yawan kalmomin Hausa na asali da wasali suke ƙarewa. Paul Newman ya ware musu babi guda a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, a gareji amsa-kama kayan aiki ce kamar sufana. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana ire-iren ƙarar ƙas-ƙas da ake ji a inji, da abin da ke haddasa kowace, da yadda ake gyara ta, tare da duban kalmomin da masu sana'ar ke amfani da su.

Wasali da nauyin ƙara

Wanda ya saurari direbobi da kyau zai ga akwai tsari a cikin kwaikwayon nasu. Ƙara mai kaifi, marar nauyi, takan zo da ƙ ko t ko ts, ta ƙare da s: ƙas, tas, ƙis. Ƙara mai nauyi, wadda ke fitowa daga can ƙasan inji, takan zo da leɓantaccen baƙi irin su gw da ƙw, ta ƙare da f ko m ko n: gwaf, ƙwan, gwaram. Ninka kalmar kuma shi ke nuna cewa ƙarar maimaituwa take yi, saurin ninkin a bakin mai magana shi ne saurinta a inji. A ganina wannan rabo bai yi nisa da na injiniyoyi ba, domin su ma gida biyu suka raba abin: ƙarar sama, wadda yawanci gyaranta da sauƙi, da ƙarar ƙasa, wadda ke iya cinye kuɗin makarantar yara na shekara.

Mu da muka tashi da Kanuri a baki, muka koyi Hausa a layi da makaranta, ƙ da k sukan zame mana abu ɗaya, saboda Kanuri ba shi da tunkuɗau. Shi ya sa a garejojin Maiduguri kas-kas aka fi ji. Ban ga wannan ya hana makanike fahimta ba, tunda wasalin da saurin bugun su ne ke ɗauke da saƙon.

Ƙarar da ba ta inji ba ce

Kafin a zargi inji, akwai tambaya ɗaya da ke rage rabin aiki: ƙarar tana bin gudun inji ne, ko gudun taya? A tsayar da mota, a fitar da ita daga giya, a taka totur a hankali. Idan ƙarar ta ƙara sauri tare da injin, to tasa ce. Idan kuwa ba a jin ta sai mota na tafiya, a nemi tsakuwa ko ƙusa a jikin taya. Idan sai an karya sitiyari sosai a kwana ake jin ƙas-ƙas daga wajen tayar gaba, wannan kan shaf ne, wato gaɓar da ke kai ƙarfin inji ga taya. Robar da ta rufe gaɓar ce ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, kuma yashi ba ya wuya a garin nan. Idan an farga da wuri, sabuwar roba da giris sun isa. Idan har ta fara ƙara, sai dai a sake kan shaf ɗin.

Sai ƙarar da ake ji lokacin da aka murɗa makulli mota ta ƙi tashi. Ita ma iri biyu ce. Idan ta zo a jere da sauri, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba suna dishewa, batir ne ya yi sanyi ko kansa ya yi datti. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wani maganaɗisu a jikin kik da ke jawo ƙarfe ya haɗa wuta. Da ya haɗa sai kik ya zuƙe ɗan abin da ya rage a batir, maganaɗisun ya saki, wuta ta ɗan dawo, ya sake kamawa, haka dai. Cikakken batir yakan nuna kusan volt 12.6 a mita idan inji na kashe, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5, wanda ke nuna cewa caji na shiga. Farin garin da ke taruwa a kan batir ana wanke shi da ruwan zafi da 'yar kanwa, domin kanwa na kashe kaifin asid, kuma kan da ke da alamar ragi ake fara kwancewa. Idan kuwa ƙas ɗaya tak aka ji, fitilu kuma suna da haskensu, to laifin yana jikin kik, yawanci burushinsa ne ya cinye. Wannan aikin rewaya ne. Ƙwanƙwasa kik da sufana yakan tayar da mota yau da gobe, jibi ya ƙi.

Akwai kuma ƙis-ƙis da ake ji bayan an kashe inji mai zafi. Ƙarfen salansa ne ke hucewa yana komawa mazauninsa, ba a kai mota gareji saboda wannan.

Abin da ke motsi a cikin inji

Domin mai karatu ya bi sauran bayanin, ga taƙaitaccen hoton abin da ke ciki. Fistin yana hawa da sauka a cikin silinda. Kwanrod ne ya haɗa shi da karanshaf, wanda ke kwance a ƙasa yana juyawa. A sama, cikin abin da makanikai ke kira tof silinda, akwai bawul-bawul masu buɗewa iska da fetur su shiga, da masu buɗewa hayaƙi ya fita. Kamshaf ne ke danna su, ta hannun wani ɗan ƙarfe da ake kira tafet. Karanshaf yakan juya sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya.

Wannan lissafi yana da amfani ga kunne. Injin da ke silo yana juyawa kamar sau 750 a minti, kamshaf ke nan sau 375, wato kowane bawul ana danna shi kusan sau 6 a daƙiƙa. Tafet ɗaya mai sako-sako zai yi ƙas kusan sau shida a daƙiƙa, saurin da mutum zai iya bi da yatsa a kan tebur, kamar keken ɗinki a hannun tela marar gaggawa.

Mai karatu zai lura cewa kusan duk sunayen nan aro ne daga Ingilishi, kuma sun bi ƙa'idojin da muke karantawa. Sautin p ya koma f a fistin da fulogi da tafet. Sautin v ya koma b a bawul da sabis. Inda baƙaƙe biyu suka haɗu a farkon kalma an saƙala wasali, kamar a fulogi da karanshaf da birki. Wasu kalmomin sun samu wasali a ƙarshe, wasu kamar bawul da tafet da fistin sun zauna da baƙinsu. A 1996 Michael Bross da Ahmad Tela Baba na wannan jami'a sun fitar da ƙamus na sana'o'in Hausa, inda suka tattara kalmomin sana'o'in gargajiya irin su ƙira da jima da saƙa daga kare-karen harshe daban-daban. Wanda ke neman batun kundin digiri zai iya yi wa makanikanci irin wannan aiki, ya kwatanta bakin garejin Maiduguri da na Kano.

Baƙin mai tukuna

Duk ƙarar da aka tabbatar daga inji take, abu na farko shi ne duba baƙin mai, kuma wannan ba ya buƙatar makanike. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe, a jira minti biyar zuwa goma mai ya sauka, a zaro geji a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya kamata ya tsaya tsakanin alamomi biyun nan. A yawancin ƙananan motoci, tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce.

Dalilin da ya sa ƙarancin mai ke fara bayyana a matsayin ƙas-ƙas shi ne, famfon mai yana ƙasa, tafet yana can sama a ƙarshen layi. Kamar unguwar da ke nesa da tankin ruwa ne, ita ke fara rasawa idan ruwa ya yi ƙasa. Saboda haka ƙarar tafet gargaɗi ce da ke zuwa tun ƙasan inji bai lalace ba. Idan jar fitilar nan mai siffar buta ta kama alhali inji na aiki, a kashe shi nan take, ko a tsakiyar titin Post Office ne, a tura motar gefe. Fitilar ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa, kuma ba ta kamawa sai ƙarfin ya kusa ƙarewa.

Yanayin Maiduguri ba ya tausaya wa baƙin mai. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ga cunkoso a bakin Kasuwar Monday inda inji ke aiki mota ba ta motsi. Zafi yana tsinka mai, yana kuma tsufar da shi da wuri. Da hunturu kuma ƙura ce, wadda ke bi ta yagaggiyar filtar iska ta shiga ta gauraya da mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 aljihun masu mota ya matse, kuma juye yana cikin abubuwan da mutum ke ɗagawa zuwa ƙarshen wata. Man da ya wuce lokacinsa yakan zama baƙin kunu mai danƙo, ya toshe rariyar da ke bakin famfon mai. Wani abin da ke toshe rariyar nan shi ne gam ɗin da wasu ke lafta wa gasket fiye da kima. Abin da ya tsattsafo ta ciki yakan ɓalle ya faɗa cikin mai.

Game da kaurin mai, akwai al'adar zuba 20W-50 a kowace mota, da hujjar cewa ƙasarmu da zafi. Ga tsohon inji irin na Fijo wannan daidai ne. Amma injunan Toyota da Honda na shekarun 2000 zuwa yau an ƙera su da siraran hanyoyin mai, kuma abin da kamfani ya rubuta a murfin da ake zuba mai yawanci 5W-30 ne ko abin da ya fi shi tsinkewa. Mai mai kauri yakan yi jinkirin isa sama da safe, musamman a sanyin Disamba da Janairu. Shi kuma zuba mai mai kauri don a rufe bakin ƙara, kamar ɗaure wa mai tari baki ne da rawani. Filtar mai ma tana da hannu: a cikin mai kyau akwai wata roba da ke hana mai komawa ƙasa idan an kashe inji. Ta jabu ba ta riƙewa, shi ya sa wata motar ke yin kacau-kacau na 'yan daƙiƙoƙi kowace safiya tun ranar da aka yi mata sabis mai araha.

Launin mai shi ma magana yake yi. Idan ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Mutanen garin nan sun ga wannan da idonsu bayan 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday da wasu unguwanni, irin abin da rabon a gani tun 1994. Motar da ta nutse, babban haɗarinta shi ne a murɗa mata makulli. Fistin yana iya matse iska, amma ba ya iya matse ruwa, saboda haka kwanrod ne ke lanƙwasa. Injin da aka yi wa haka yakan iya tashi daga baya, amma da girgiza da ƙarar da babu wani mai da zai kashe ta. Abin da ya kamata shi ne a cire fulogai duka, a juya inji ruwan ya fita ta ramukansu, a zubar da mai a sake filta, a kuma maimaita juyen bayan ɗan gajeren aiki. Wanda zai sayi mota ta hannu a Maiduguri a yanzu, yana da kyau ya ɗaga dardumar ƙasa ya nemi busasshen laka.

Tafet

Idan mai ya cika, yana da tsabta, ƙas-ƙas kuma tana nan daga saman inji, to an zo kan tafet. A nan sai an san irin injin, domin gyaran ya bambanta.

Iri na farko shi ne mai noti. Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi, saboda haka masu ƙera inji suka bar 'yar tazara tsakanin bawul da abin da ke danna shi. Da tafiya ta yi tafiya tazarar takan buɗe, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe. Fijo 504, wadda kamfanin Peugeot ya daɗe yana haɗawa a masana'antarsa ta Kaduna da aka buɗe a 1975, irin wannan gare ta, kuma a kanta manyan makanikan garin nan da yawa suka koyi aiki. Tazararta milimita 0.10 ce a bawul ɗin shiga, 0.25 a na fita. Honda Accord mai silinda huɗu, har wadda ake yi wa laƙabi da EOD, ita ma mai noti ce. Haka injin Keke Napep, wanda ya cika titunan Maiduguri bayan hana babura a 2011. Silinda ɗaya gare shi, don haka shi ya fi sauƙin koyo.

Gyaran ba shi da tsada. Ana buɗe murfin sama, a juya inji da hannu har fistin ɗin silindar da ake so ya kai ƙololuwa bawulolinsa duka a rufe, a sassauta noti, a zura wani siririn ƙarfe mai awo da ake kira fila gej, a juya sukurun har ƙarfen ya riƙa shiga da ɗan ja, sannan a ɗaure noti a sake gwadawa. Sharaɗin shi ne inji ya huce sarai. Kamfanin Honda ya ƙayyade cewa kada zafin tof silinda ya kai digiri 38 lokacin wannan aiki. A Maiduguri cikin Afrilu, motar da ba a ma tayar ba takan wuce haka da azahar. Ke nan aikin sassafe ne, a kwana da motar a gareji.

A nan ne nake ganin an fi cutar masu mota, kuma sau da yawa da yardarsu. Mai mota shiru yake so. Wanda bai ƙware ba sai ya ɗaure tafet da kunne, ba geji, har ƙarar ta ɗauke ɗif, Alhaji ya biya yana murna. Alhali bawul ɗin fita yana sauke zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a kujerarsa. Idan babu tazara, da inji ya yi zafi bawul ba zai ƙara rufewa sosai ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye bakin. Bayan 'yan watanni mota ta fara rawa a silo, ƙarfi ya ragu, sai an sauke tof silinda. Inji mai noti da ke 'yar ƙis-ƙis marar ƙarfi ya fi wanda ya yi tsit lafiya.

Iri na biyu shi ne mai aiki da mai, irin na Golf 3 da ke jigilar fasinja. Shi ba shi da noti. Kowane tafet ɗan ƙoƙo ne da baƙin mai ke cikawa ya rufe tazarar da kansa. Idan ya yi ƙara ta daƙiƙa biyu ko uku da safe ya daina, ba komai. Idan ƙarar ta zauna bayan inji ya yi zafi, ko dai datti ya toshe ƙofar ƙoƙon, ko ya cinye, ko kuma man ba ya isowa da ƙarfi. Sai a fara da juye da filta mai kyau. Idan ba ta daina ba, a sa mita a auna ƙarfin mai kafin a sayi komai, domin sabon tafet a injin da famfonsa ya gaji asarar kuɗi ce. Akwai iri na uku a Corolla da Camry na shekarun 2000, wanda ba noti ba mai: ana auna tazara ne a sake ƙoƙon da wani mai kaurin da ya dace. Ba ya cika buɗewa, kuma ba kowane gareji ke da haƙurin wannan aiki ba.

Masu kwaikwayon tafet

Akwai abubuwa da ke yin ƙara irin ta tafet har a buɗe inji a banza. Hanyar rarrabe su ita ce doguwar sukudireba. Makanike yakan ɗora bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya riƙa matsawa daga wuri zuwa wuri har ya kai inda ƙarar ta fi ƙarfi. Dabarar ɗaya ce da ta abin sauraron ƙirji na likitoci, wanda René Laennec ya ƙirƙiro a Faransa a 1816. Mai gwadawa ya kula da hannun riga da carbi da duk abin da ke lilo, saboda fanka da fanbel.

Nozul, wato abin da ke fesa fetur a injin da ba shi da kafireto, ƙis-ƙis ne aikinsa, buɗewa da rufewa yake yi. Idan duka suna yi daidai da juna, lafiya lau. Wanda ya yi shiru a cikinsu shi ne abin tuhuma.

Sai gasket ɗin da ke tsakanin inji da bakin salansa. Idan ya ƙone, ko noti ya karye, ko ƙarfen ya tsage, hayaƙi yakan tsarto da ƙarfi duk lokacin da bawul ya buɗe, a ji tas-tas ko fat-fat. Alamarsa ita ce ya fi ƙarfi da safe, ya ragu ko ya ɓace idan ƙarfe ya yi zafi ya cike tsagar, kuma akan ga baƙin toka a wurin. Gyaransa sabon gasket da noti ne, ko walda. Kada a bar shi don ƙarar na ɗaukewa, domin hayaƙin yana shiga cikin mota, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Fulogin da bai ɗauru ba shi ma haka yake yi. A ɗaure shi idan inji ya huce, a fara da hannu kafin sufana, saboda tof silinda na yanzu na alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. Wayar fulogi da ta tsage kuwa, tartsatsi ne ke tsallakawa zuwa jikin inji yana tas-tas. A buɗe bonet da dare a wuri mai duhu, za a ga shuɗin walƙiyar da ido.

Tsakuwa a gwangwani

Wata ƙarar ba a jin ta a silo, sai an yi lodi an taka totur a babbar giya. Kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa take. Maiduguri shimfiɗaɗɗen gari ne, don haka direbobi sun fi jin ta a hawan gadar sama ta Kwastam, ko a tsaunukan Biu. Wannan ba ƙarfe ne ya saki ba. Fetur ne ke fashewa da kansa a wani lungu na silinda maimakon ya ci a jere daga tartsatsin fulogi. Abin da ke kawo shi: fetur marar kyau ko gauraye, irin wanda akan ci karo da shi a galan a bakin titi, ko inji mai zafi fiye da kima, ko baƙin gawayi da ya taru a kan fistin, ko tayimin da ya yi gaba a mota mai distiributa. Matakin gaggawa shi ne a sauko giya ɗaya a sassauta ƙafa. Sannan a duba ruwan lagireto da fanka, a sake gidan mai, a saita tayimin. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan fashewa ta ja tayimin baya da kanta, shi ya sa a cikinsu ba a cika jin ƙarar ba, sai dai a ga mota ta yi nauyi tana shan mai. Idan aka bar abin ya daɗe yakan fasa ringi, har ya huda fistin.

Gwaf-gwaf

Tsakanin kwanrod da karanshaf akwai wasu siraran ƙarafa masu siffar rabin awarwaro, makanikai na kiransu metal. A injin lafiyayye ba sa taɓa karanshaf, a kan siririn mai suke yawo. Idan mai ya yanke, ko yashi ya shiga, sukan cinye, tazara ta buɗe, kwanrod ya riƙa dukan karanshaf kamar guduma. Ƙarar tana fitowa daga ƙasa, tana da nauyi, tana ƙaruwa idan mai ya yi zafi ya tsinke, kuma an fi jin ta a daidai lokacin da aka taka totur ko aka saki. Makanike yakan tabbatar ta hanyar kashe silinda ɗaya bayan ɗaya, ya cire soket ɗin kwayil ko na nozul. Silindar da aka kashe ƙarar ta ragu, metal ɗinta ne. Idan aka tsiyaye man a faranti aka kai rana, akan ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki.

Wannan mota ba a tuƙa ta zuwa gareji, janyo ta ake yi. Kalmar da ake amfani da ita idan abin ya kai ƙarshe ita ce "inji ya buga", kuma fassara ce kai tsaye daga Ingilishin Nijeriya. Abin lura shi ne, a asali kalmar ƙarar take nufi, wato bugun da ake ji. A bakin mutanenmu ma'anar ta matsa gaba ta koma sakamakon: injin da ya buga shi ne wanda ya ƙame ko kwanrod ya fasa gefensa, wato wanda ba ya ƙara yin wata ƙara. Mai nazarin ma'ana zai kira wannan sauyin ma'ana.

Idan an tsaya da wuri, ana sauke inji a kai karanshaf wurin masu gurzawa su rage kaurinsa ya koma sumul, a sa metal mai kauri daidai da abin da aka rage. Matakin farko milimita 0.25 ne, na biyu 0.50. A gareji za ka ji ana kiransu 010 da 020, domin awon inci ne da ya rage tun zamanin motocin Ingila. Dole a wanke hanyoyin mai da ke cikin karanshaf, a duba famfon mai da rariyarsa, in ba haka ba sabon metal zai bi sawun tsohon cikin 'yan makonni. Idan karanshaf ya riga ya wuce gurzawa, ko kwanrod ya fasa jikin inji, sai mai mota ya zauna da makanikensa su yi lissafi tsakanin gyara da sayen inji ɗan Beljiyam, kuma kafin a biya kuɗin ɗan Beljiyam ɗin, a sa mai sayarwa ya kwance kwanon mai na ƙasa a ga abin da ke kwance a ciki.